Yaron Kirki a Ɗakin Injiniya

A gidansu ba a taɓa jin Auta ya ce a'a ba, kuma ba hana shi aka yi ba. Shi ne na ƙarshe a 'ya'yan wani kafinta mai yawan iyali, saboda haka tun bai iya ɗaura wando ba ya gane cewa duk aiken da ya taso daga bakin Baba a kansa yake sauka. Baba zai ce da babban yaya a miƙo ƙusa, babban yaya ya ce da mai bi masa, mai bi masa ya ce da yaya mace, maganar ta yi ta gangarowa har ta iso kan Auta. Shi kuma ya waiwaya bai ga kowa a bayansa ba sai kyanwa. Sai ya ce, "To," ya tafi ya ɗauko ƙusa.

Inna takan yi alfahari da shi a gaban baƙi, ta ce duk cikin 'ya'yanta wannan ne bai taɓa sa ta ɗaga murya ba. Baƙi su sa masa albarka, sannan su aike shi ya sayo musu ruwan sanyi.

Da aka kai shi makarantar kwana, sauran sababbin yara suka yi ta kuka suna neman a mai da su gida. Auta bai ga abin kuka ba. Dokar wurin guda ce: duk wanda ya fi ka aji sunansa Siniya, ruwan wankansa a kanka, wankinsa da gugarsa a kanka, in ya kira ka kuma da gudu ake zuwa. Wannan ai gida ne, yayye kawai aka ƙara masa. Ƙararrawa ta tashe shi, ƙararrawa ta kai shi aji, ƙararrawa ta zaunar da shi karatun yamma, ga malami yana zagayawa da bulala. An ce ya yi karatu, ya yi karatu, da yake kuma kansa yana ja sai karatun ya zauna. Ko da ya kai ajin ƙarshe ya zama Siniya shi ma, bai iya aiken kowa ba. An ma taɓa ganin wani ɗan aji ɗaya ya ba shi riƙon bokiti. Ranar da aka yaye su, firinsifal ya ba shi kyautar ɗalibin da ya fi kowa ladabi, ya ce a gaban iyaye irin wannan yaro duk inda ya shiga ba zai sha wahala ba. Firinsifal mutum ne mai digiri biyu, an tafa masa sosai.

Auta ne na farko a zuriyarsu da ya sami jami'a, sashen kimiyya. Yayyensa maza a shagon Baba suka tsaya, matan suna gidajensu, don haka idon gidan gaba ɗaya ya dawo kansa. Baba ya ƙera masa ɗan teburin karatu mai naɗewa, ya goge shi har yana ɗaukar ido. A tasha ya yi masa nasiha gajeriya: ya bi manyansa, ya ji maganarsu, kada ya dawo gidan nan sai da abin da ya je nema.

Abin da ya fara ba shi tsoro a jami'a shi ne babu mai shi. Mutane tuli, kowa yana sauri, amma ba wanda ya ce masa zo, ba wanda ya ce masa tafi. Ya yi yini guda yana neman wanda aka damƙa shi a hannunsa, bai samu ba. Da yamma aka ba shi makulli, aka ce gadonsa na ƙasa ne, jikin taga, a ɗaki na ƙarshen baranda.

Ya tarar da mutum a kwance a kan gadon. Babba ne, mai gemu gyararre, da singileti fari tas, yana karanta tsohuwar jarida.

"Kai ne sabon mai gadon?"

"Ni ne, Siniya."

Mutumin ya sauke jaridar a hankali. Ya dubi Auta tun daga askin kansa har zuwa takalminsa, irin duban wanda aka kawo masa abin da ya yi oda, kuma aka kawo daidai.

"Makarantar kwana ka yi."

"E, Siniya."

"Ai na gani. Shigo, ƙanena, ɗakinka ne."

Ya gabatar da kansa. Injiniya ake kiransa, yana ajin ƙarshe, ofishin ɗakunan kwana ya yi kuskure bai ba shi gado ba bana, za su ɗan lallaɓa tare kafin a gyara. Maganarsa a hankali, kamar likita.

A yi wa Injiniya adalci, bai taɓa ɗaga murya ba, kuma ranar farko bai nemi komai ba. Auta ne da kansa ya tashi da safe ya ga bokiti biyu a bakin ƙofa, hannunsa ya ɗauki duka biyun kafin kansa ya yi shawara. Ya bi layin famfo ya cika su, ya dawo, ya ga riga a rataye ta yamutse, ya jona dutsen guga. Ranar ce ya fara jin jami'a ta ɗan yi kama da wurin da mutum zai iya zama.

Gadon ɗalibi ba ya ɗaukar manya biyu, Injiniya kuma yana da ciwon baya. Auta ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Teburin Baba ya zama wurin ajiye shayin Injiniya, tsayinsa ya yi daidai da gado kamar an gwada.

A gadon sama akwai wani ɗan aji uku da ake kira Ɗan-Sama, saboda ba ya saukowa sai dole. Daga can yake cin abinci, daga can yake karatu, daga can yake ba da ra'ayi. Wata safiya, bayan Injiniya ya fita da rigarsa gogaggiya da fayil a hammata, Ɗan-Sama ya leƙo da kai.

"Kai, Sarkin Ruwa. Ka san nan jami'a ce ko? Nan ba a Siniya. Kowa ubansa ne ya kawo shi."

"Ai babba ne."

"Babba kam. Ni dai a ajin ƙarshe na tarar da shi, ga shi ina shirin barinsa a ajin ƙarshe. Ajin nan nasu da zurfi yake."

Auta ya yi murmushin ladabi. Ɗan-Sama ma ya fi shi aji, don haka ya tambaye shi ko yana da wanki. Ɗan-Sama ya dube shi ya daɗe, ya ce Allah ya kyauta, ya mai da kansa ciki.

Ɗakin lacca kuwa ya fi filin taron makarantarsu girma. Malami yana can ƙasa kamar ƙwaro, lasifika tana cinye rabin maganarsa, ba a kiran suna, ba a duba littafi. Ranar da Auta ya fara rasa lacca, layin famfo ne ya yi tsawo kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar guga. Ya yini yana jiran a aiko kiransa. Ba a aiko ba. Washegari ya tare malamin a baranda, ya rusuna, ya ba da haƙurin rashin zuwansa jiya.

Malamin ya ce, "Kana ajina ne?"

"E, Malam."

"To, madalla." Ya wuce.

Auta ya tsaya a wurin. A duk rayuwarsa laifi yana zuwa da bulalarsa a hannu, a yi a gama a huta. Wannan laifin an karɓe shi an ajiye a wani wuri da bai sani ba.

Da ya gaya wa Injiniya, Injiniya ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce ajin farko maimaicin sakandare ne, laccar safe ta waɗanda ba su da kai ce, yaro irinsa mako guda kafin jarrabawa ya ishe shi. Daga nan aike ya fara yawa. A kai wando wurin tela, a karɓo waya wurin mai gyara, a je tasha a jira saƙon da direba zai kawo. Abin mamaki, duk aiken yakan faɗo daidai lokacin lacca, da yamma kuwa ba a bukatar komai sai hira. Gwajin lissafi na farko ya wuce Auta yana tasha. Na biyu ya wuce yana wurin tela. Bayan nan malamin lissafi ya tsaya a gaban aji ya ce, da muryar mai karanta labarai, duk wanda ya rasa gwaje-gwajen nan kuma ya rasa jarrabawa, kada ya wahalar da kansa zuwa ofishinsa, hanyar bakin ƙofar jami'a a share take. Wannan laccar Auta yana ciki, lasifikar kuma ranar ba ta cinye ko kalma ɗaya ba.

Wata safiya Injiniya ya manta fayil ɗinsa a kan gado. Auta ya ɗauka ya bi shi da gudu har sashen injiniyoyi. Ya tambayi 'yan ajin ƙarshe, ya kwatanta gemun da rigar. Suka dubi juna. Can wani ya ce, "Au, wannan? Ai da yayana suka shigo. An sallame shi tun ina sakandare. Yana nan har yanzu?"

A hanyar komawa ya ratsa ta filin ƙwallo don ya rage tafiya. Da safe ba kowa a filin, sai ciyawa da tsuntsaye. Can saman benayen 'yan kallo ya hango farar riga. Injiniya yana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon filin da ba a wasa a cikinsa, kamar mai sauraron darasi. Auta ya so ya juya, amma fayil yana hannunsa, kuma saƙo ba a komawa da shi. Ya hau.

Injiniya bai razana ba. Ya karɓi fayil ɗin, ya ajiye a gefe.

"Nan ya fi iska," in ji shi. "Zauna."

Fentin bencin da yake zaune a kai ya goge a wuri biyu, ɗaya a ƙarƙashin Injiniya, ɗaya a kusa da shi. Auta ya zauna a na biyun. Daga nan sama ana hango ɗalibai ƙanana-ƙanana suna gudu tsakanin gine-gine.

"Dube su," in ji Injiniya. "Ko sun je ko ba su je ba, wa ya sani? In ɗaya ya faɗi ya mutu a hanyar nan, malaminsa ba zai ji ba sai a jarida. Ni kaɗai ne a makarantar nan da in ba ka dawo ba zan tambaya ina kake. Ƙarya na yi?"

"A'a, Siniya."

"Yaron kirki ba ya ɗaukar maganar manya ya kai waje."

"To, Siniya."

Bayan ranar, aike ya ragu. Sai dai in Injiniya ya gama shiri da safe, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mu je." Wasu ranakun Auta yakan sami lacca, wasu ranakun benci. A benci ba a yin komai. Injiniya yakan yi tambayoyi a hankali, game da gida, da Baba, da shago, da unguwa, Auta yana amsawa. In Inna ta kira ta tambayi karatu, sai ya ce ga shi a makaranta, kuma gaskiya ya faɗa.

Ana gobe jarrabawar lissafi, da la'asar, Auta yana durƙushe a kan bargonsa da littafin da ya aro, Injiniya ya ce, "Babana zai zo gobe da safe. Za ka tare shi, ka dafa masa shayi, ka ce ina ɗakin gwaje-gwaje manyan malamai suna duba aikina. Ka zauna da shi har azahar. Kada ka bar shi ya fita yawo, tsoho ne, zai ɓata."

"Gobe da safe muke lissafi, Siniya."

Bai faɗa don musu ba. Ya faɗa ne ko Siniya ya manta.

"Na sani. Lissafi ana maimaita shi baɗi. Uba ba a maimaita shi."

A gadon sama takarda ta daina motsi.

"To, Siniya."

Tsohon ya iso da sassafe, jim kaɗan bayan ɗansa ya fita. Dogo ne da ya fara ranƙwafawa, tsohon direban babbar mota, hannuwansa manya-manya. Ya shigo da leda cike da shinkafa da man girki da sabulu, ya zauna a bakin gado, ya ɗora hularsa a gwiwa. Auta ya gaishe shi har ƙasa, ya miƙa shayi, ya karanto saƙon kamar yadda aka ba shi.

"Madalla," in ji tsohon. "Bara ma a ɗakin gwajin na same shi. Bara waccan ma haka. Aikin nan da girma yake."

Ya kurɓi shayi. A waje baranda tana ta raguwa. Ana jin takalma suna wucewa da sauri, wani yana tambayar wa ke da biro biyu, wani yana haddar wani abu da ƙarfi. Sannan aka fara jin ƙarar famfon da aka bari a buɗe, wanda ba a taɓa ji sai in ginin ya zama kango. Auta yana durƙushe, biro a aljihun rigarsa, idonsa yana zuwa taga yana dawowa.

"Ɗana, me kake kallo?"

"Ba komai, Baba."

"Na yi rayuwata a tasha. Na san idon mutumin da motarsa za ta tashi ta bar shi. Ina za ka?"

An koya wa Auta abubuwa da yawa, amma ba a koya masa yadda ake riƙe ƙarya a gaban furfura in an tambaya sau biyu ba.

"Jarrabawa, Baba."

"Yaushe?"

"Yanzu."

"Shi ya ce ka zauna?"

Auta ya dubi siminti.

Tsohon ya ajiye kofin. Ya juya hularsa a hannu ya sake juyawa.

"Har yanzu a filin ƙwallon yake zama?"

Auta ya ɗago kai.

"Uwarsa ba ta sani ba, kuma ba ta da lafiyar da za ta sani. Nakan zo, ya ba ni labarin ɗakin gwaji, in koma in ba ta. Kowa da aikinsa." Ya dubi bargon da ke naɗe a ƙasa. "Wanda ya dafa mini shayi bara, wani siriri mai wushirya, shi ma yaron kirki ne, har takalmina ya goge. Da na tambaya aka ce ya koma gida. Wanda ya riga shi ban ma tambaya ba. Tashi ka tafi."

"Siniya ya ce…"

"Ni na haifi Siniyan. Tashi."

Wannan hisabi ne da Auta ya iya tun yana yaro: uba ya fi ɗa aji. Ya tashi da gudu. Ya isa ana jawo ƙofa, matar da ke gadin jarrabawar ta dube shi ta ce, "Kai kuma daga wace duniya?" amma ta matsa ya wuce. Wasu tambayoyin ya gane su, tsofaffin abokai ne daga sakandare. Sauran sun dube shi ya dube su, ba wanda ya san wani. Ya rubuta abin da ya samu.

Da aka fito, ƙafafunsa suka ɗauke shi hanyar ɗaki da kansu. Sai da ya hango tagar, da farar riga a rataye a jikinta, sannan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Wani ɗan ajinsu mai tabarau, wanda ake kira Farfesa saboda bai taɓa rasa lacca ba, ya zo wucewa ya tambaye shi ko lafiya. Auta ya ce ba shi da wurin kwana. Haka ya bar gadon da jami'a ta ba shi da sunansa, ya koma kwana a ƙasan ɗakin Farfesa, a ɗaya ƙarshen makarantar, da riga ɗaya.

Farfesa yana da cikakken rubutun kowace lacca, kuma yana son ba da umarni amma bai taɓa samun mai bi ba. Ya ce, "Zauna nan. Karanta daga nan zuwa nan. Kada ka tashi." Auta ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya zauna, ya karanta, bai tashi ba. Jarrabawa ta biyu ta ɗan fi ta farko.

Waya kuwa ba ta daina kuka ba. Duk sanda sunan Siniya ya fito, Auta yakan miƙe tsaye, ya riƙe ta da hannu biyu har ta yi shiru. Daga baya ya tura ta cikin takalmi ya toshe da safa. Saƙo ɗaya kawai ya shigo, ba zagi, ba barazana: "Shayinka ya huce."

Ana gobe kemistiri ya haɗu da Ɗan-Sama a wurin cin abinci, abin da ya nuna lallai akwai magana, tunda ya sauko.

"Mutuminka ya fita da sassafe da kayanka a kai, riga a goge. Na zaci kai ka aike shi, na ce lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Ina ya nufa?"

"Tasha."

Da la'asar wayar ta yi kuka a cikin takalmi. Wannan karon Inna ce, muryarta cike da murna.

"Auta, ashe haka ka yi dace ba ka gaya mana ba? Yayanka na makaranta ya zo, injiniya, yaro mai hankali. Tun daga can ya ɗauko mota ya kawo kayanka, ya ce kada a sace. Ya ce ka daina kwana a ɗaki, ka shiga cikin wasu yara, hankalinsa ya kasa kwanciya. Har shago ya je ya taya yayyenka ɗaukar katako. Ga babanka."

Kwatancen gidan kuwa, Auta ne ya yi wa Injiniya da bakinsa, wata safiya a kan benci, saboda an tambaye shi.

Muryar Baba ta zo a daƙile, irin wadda yake yi in katako ya tsage bayan an gama aiki.

"Me na gaya maka a tasha? Mutum ya riƙe ka kamar ƙaninsa, ka saka masa da yawon banza? Yau ɗin nan za ka koma ɗakin. In ya dawo ka ba shi haƙuri. Na damƙa ka a hannunsa, abin da ya ce shi za ka yi. Ka ji ni?"

Littafin Farfesa yana buɗe a cinyar Auta, yatsansa a kan layin da ya tsaya. Amsar tana nan a bakinsa inda ta saba zama, ƙarama, mai sauƙin fita. Ya haɗiye ta.

"A'a, Baba."

Can nesa Inna ta ce, "Me ya ce?" Auta ya ji cokali yana zagaya kofi, a hankali, ba gaggawa, sannan muryar nan mai laushi ta Injiniya ta matso kusa da wayar.

"Ku bar shi, Baba, gajiyar karatu ce. Gobe da safe ina can. Zan kula da shi."